Wace Irin Inshora Baƙonku Yake Nufi?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne don in bayyana takaicina game da shirinku na makon jiya, inda kuka bar mai wurin wasan yaran nan ya yi ta nanata cewa wurinsa yana da inshora, har ya ce iyaye su kwantar da hankalinsu, amma mai gabatarwa bai katse shi ko sau ɗaya ya tambaye shi wace irin inshora yake nufi ba. Wannan tambayar ita ce kan magana, kuma rashin yin ta ya mayar da shirin tallar kyauta.

Inshorar da ke biyan mai wuri idan gobara ta cinye gininsa ko ɓarayi suka kwashe injunansa daban take da wadda ke biyan kuɗin magani da diyya idan yaron wani ya ji rauni ko ya rasa ransa a cikin wurin. Ta farkon aljihun mai wuri kaɗai take karewa, kuma yana iya riƙe ta ya rantse cewa yana da inshora ba tare da ya yi ƙarya ba.

Ba da ka nake wannan magana ba. 'Yata mai shekara 7 ta faɗo daga lilon nan mai juyawa da inji a wani wurin wasa, ta karye a hannu. Da na ɗaga kujerar da ta zauna, sai na tarar ƙugiyar bel ɗin ta daɗe da karyewa, an naɗe ta da waya, wayar ma ta yi tsatsa. Yaron da aka bar wa injin bai san inda makunnin tsayar da shi yake ba, sai da ya ruga ya kashe janareta, sauran yara suna ta kururuwa a sama. Babu akwatin agajin gaggawa, babu ko bandeji. Da na nemi manaja, sai ya kai ni ofishinsa ya nuna mini takardar inshora a cikin firam a jikin bango, yana magana irin ta baƙonku. Na tsaya na karanta ta layi-layi, ban ga komai a ciki ba sai gobara da sata. Da na gaya masa haka, sai ya nuna mini allon bakin ƙofa da aka rubuta cewa duk wanda ya shiga ya shiga ne da ganin damarsa, ya ƙara da cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma hannun mutum ne ya naɗa wayar nan, kuma wani ne ya gan ta kullum ya ci gaba da sayar da tikiti. Ni na biya kuɗin asibiti, su kuwa washegari lilon ya ci gaba da juyawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda baƙon naku ya ce haɗari ba ya faruwa sai a ƙananan wurare marasa rajista, aka kuma bar maganar ta wuce. A shekarar 2015, a wurin wasan Alton Towers da ke Ingila, na'ura ta tsayar da jirgin wasan da ake kira Smiler saboda akwai taragon da ya maƙale a kan hanya, ma'aikata suka yi watsi da gargaɗin suka sake shi, ya yi karo, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaya-ɗaya, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. A watan Oktoban 2016 mutum huɗu suka mutu a wurin wasan Dreamworld da ke Ostareliya bayan famfon ruwan wani wasan kwale-kwale ya lalace, binciken da ya biyo baya ya nuna sakaci na shekara da shekaru, aka ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 3.6 a 2020. Waɗannan manyan wurare ne masu suna da jari. A Rajkot ta Indiya kuwa, gobarar watan Mayun 2024 ta hallaka mutum fiye da 25 har da yara a wani gidan wasanni da ba shi da takardar amincewar hukumar kashe gobara.

Ga dalilin da ya sa na matsa a kan irin inshorar. Kamfanin da ya ɗauki nauyin biyan diyyar ran ɗan wani yana da dalilin neman shaidar cewa ƙwararre ya duba walda da noti da birki kafin ya sa hannu, domin kuɗinsa ne zai fita idan abu ya lalace. Wanda ya ɗauki nauyin gobara da sata kaɗai babu ruwansa da bel ɗin kujera. A Ingila, mai bincike mai zaman kansa ne ke duba irin waɗannan injuna duk shekara ya ba da takarda. Da mai gabatarwa ya san haka, da ya tambayi baƙon wa ya duba injunansa, yaushe aka duba su, wane horo ya ba yaran da ke kunna su, kuma nawa inshorarsa za ta biya idan yaro ya nakasa. Ina roƙon ku dawo da shi tare da takardar tasa, a karanta ta kowa ya ji, ku kuma gayyato jami'in da ke ba da lasisi ya gaya mana ko yana zuwa ya ga injin da idonsa ko kuwa a ofis yake buga hatimi.

Wani abin kuma, ku duba yadda kuke sa tallace-tallace. Ƙararsu ta ninka ta shirin, dole mutum ya riƙa rage murya yana ƙarawa, kuma saboda su ne aka katse matar da ta bugo waya a ƙarshen shirin tun ba ta gama gabatar da kanta ba.

Na gode.

Mai sauraronku na kullum.