Kyamarar tsaro ta ƙi risetin? A duba adafta da asusu kafin a jefar da ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin wani koke da ya yi yawa a bakin masu gidaje da shaguna a nan Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase har Alabar. Mutum ya canja rauta, wato na'urar da ke raba waifai, ko ya manta kalmar sirri, ya danna maɓallin risetin, wanda ke mayar da kyamara yadda ta fito daga kamfani, har yatsa ya yi tsami, kyamara ta yi kunnen uwar shegu. Sai a ce ta mutu, a nufi Adum sayen sabuwa. Alhali yawancin kyamarorin nan lafiyarsu ƙalau. Cututtuka daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, kowace da maganinta.

Da farko a tabbata ramin da ake sokawa shi ne na risetin. Ƙananan kyamarorin waifai suna da ramin makirfo kusa da gilashin, girmansa kusan ɗaya da na risetin. Wanda ya cusa allura a nan makirfon ya huda, daga ranar kyamara ta kurumce. Na risetin galibi yana gefen wurin sa katin memori. A mai juya kai, sai an ɗaga idonta sama da yatsa a hankali kafin a gan shi. A ta waje kuwa yana bayan murfin roba ko murfi mai ƙananan sukurori. Da tsinken cire sim ake dannawa, kuma dole a ji ɗan "ƙyas" a yatsa.

Sai gaggawa. Kyamara ƙaramar kwamfuta ce, tana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kafin ta gama farkawa, kuma a tsakanin nan yawancinsu ba sa jin maɓalli. A jira fitilarta ta daidaita, ko ta gama juya kai hagu da dama, sannan a danne daƙiƙa 10 zuwa 15 ba sakewa, har a ji ƙara ko murya, ko fitila ta canja launi. Wasu nau'o'in matakinsu biyu: gajeren danni ya goge waifai kaɗai, dogon ya goge komai. Wasu kuma ba a jiran su farka, musamman na kamfanin Hikvision masu kebul: a cire wuta, a danne maɓalli, a mayar da wuta yatsa na kai, a riƙe kamar daƙiƙa 20. Bayan an saki, kada a taɓa soket sai bayan minti 3.

Amma babban mai laifi, wanda ba a cika zarginsa ba, shi ne adafta. Kyamarorin cikin ɗaki galibi bolt 5 suke ci, amfiya 1 ko 2. Na waje bolt 12. Ɗauke wuta da dawo da ita ba zato, abin da muke kira dumsor, yana cinye ƙarfin kafasitocin cikin adafta sannu a hankali. Fitilarsa za ta ci gaba da kamawa, in aka sa mitar awon wuta ba kaya a kansa zai nuna 12 cif, amma da kyamara ta ja wuta sai ya durƙushe. Kyamarar ta fara tashi, ta faɗi, ta sake tashi, ba ta taɓa kai matakin da za ta saurari maɓalli ba. Alamarsa a bayyane take ga mai kasa kunne: za a ji ƙyas-ƙyas daga cikinta kowane minti ɗaya ko biyu, ƙarar tacen hasken da ke bayan gilashi ke nan duk lokacin da ta sake tashi. Wata kuma da rana ras take aiki, ana kiran magariba ta ɗauke, saboda fitilun ganin dare sun kunna, sun ƙara jan wuta. Gwajinsa ba ya cin ko pesewa: da rana tsaka a rufe fuskar kyamarar da tafin hannu. Za ta ɗauka dare ya yi, ta kunna fitilun. In ta mutu nan take, adafta ne ko kebul.

Saboda haka a sauko da ita daga bango, a ɗora kan tebur, a jona ta da adafta mai lafiya da kebul da bai wuce mita ɗaya ba, a yi risetin a nan. Bolt dole ya zo daidai, amfiya kuwa in ya fi babu laifi. Wanda ya sa mai 12 a kan mai 5 don bakinsu ya zo ɗaya, sai dai ya ji ƙauri. Muna kuma kira ga 'yan uwanmu masu wayarin su daina yanke kebul ɗin bolt 5 suna ƙara masa siririyar waya mita 10 ko 15. Wutar a hanya take zubewa. Gara a kai soket ɗin bolt 230 kusa da kyamarar, a cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Haka take zubewa a kebul ɗin intanet mai araha da cikinsa alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare shi da reza, in fari ya fito to shi ne. Ko mai kyan ma, a tsarin PoE, inda kebul ɗin intanet ɗin ne ke kai wa kyamara wuta, iyakarsa mita 100.

Katin memori da ya lalace, ko na jabu, shi ma yana iya riƙe kyamara ta kasa gama tashi. A kashe wuta, a zare shi, a sake gwadawa.

Yanzu ga wadda ta fi jawo rigima tsakanin mai gida da mai gyara. Kyamara ta yi risetin, ta yi ƙararta, amma da aka zo sa ta a waya sai manhaja ta ce na'urar tana kan wani asusu. Mai gida ya ce ai ba ta goge ba. Ta goge. Risetin abin da ke cikin kyamarar kaɗai yake sharewa. Lambar siriyal ɗinta kuwa ɗaure take da asusun wanda ya fara sa ta, kuma ɗaurin yana can a sabar kamfanin. Haka manhajojin EZVIZ da Hik-Connect da Imou Life suke aiki, ko sau ɗari aka danna ba zai kwance ba. Dalilinsa mai kyau ne: ɓarawon da ya ɓalle kyamara ba zai more ta ba. Maganin shi ne mai asusun farko ya buɗe manhajarsa ya cire ta, aikin minti ɗaya. In ba a same shi ba, ko layin da aka yi rajista da shi ya ɓata, sai a nemi kwance ɗaurin ta cikin manhajar ko ta hannun dillalin kamfanin. Za a buƙaci abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikinta, wato siriyal da lambar tantancewa, wadda a EZVIZ da Hikvision manyan haruffa 6 ce, wani lokaci har da rasit. Rana da ruwan Kumasi suna koɗar da takardar nan, don haka a ɗauki hotonta kafin a ɗaura kyamara a bango.

Galibi mai asusun farkon nan wanda ya haɗa kyamarar ne, ya sa lambar wayarsa don ya gama da wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Malam Edita. Muddin tana kan asusunsa, yana iya kallon tsakar gidan mutum da iyalinsa daga duk inda yake. A gidajenmu na Zango, inda ɗakuna goma ke kallon tsakar gida ɗaya, ba mai gida kaɗai abin ya shafa ba. Asusu na mai gida ne. In ana son mai gyara ya gani, a raba masa kallo, a janye bayan ya gama. Mai sayen ta hannu kuwa, wadda ake kira hom yus, kada ya miƙa kuɗi sai ya ga hoto ya fito a wayarsa a gaban mai shago.

Akwai kuma wadda ta goge, babu ɗauri, amma ta ƙi kama waifai. Yawancin ƙananan kyamarori zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, sababbin rauta kuwa suna haɗa 2.4 da 5 a suna ɗaya. A raba su, ko a kashe 5 har a gama, a mayar da tsaron rautar WPA2 in yana kan WPA3, a ba manhaja izinin sanin wuri da Bluetooth. In kyamarar ce ke karanta lambar QR daga fuskar waya, a ƙure hasken wayar, a riƙe ta nisan santimita 15 zuwa 20, a kuma ɓare ledar da ke kan gilashin. Hotspot na wata wayar da aka saita a 2.4 zai nuna ko laifin na rauta ne.

Masu kebul ɗin intanet bayan risetin adireshinsu na asali suke komawa, Hikvision 192.168.1.64, Dahua 192.168.1.108, shi ya sa suke ɓacewa daga allo. Ana nemo su da manhajar SADP ta Hikvision ko ConfigTool ta Dahua a kwamfuta, a sa musu sabuwar kalmar sirri. Masu bakin BNC da ke shiga DVR, wato na'urar da ke naɗar hoton, kuwa ba su da abin gogewa. Kalmar sirrin a DVR take. Cire ƙaramin batirin cikinta a na'urorin yanzu agogo kawai yake rikitawa. In an manta kalmar, a Hikvision ana fitar da fayil ta SADP, a aika wa dillali ya dawo da mabuɗi, kuma kada na'urar ta mutu a tsakani, don haka a ɗora ta kan UPS, na'urar ajiyar wuta, tukuna.

Sai an wuce duk wannan ake zargin maɓallin kansa. Danshin damina da ƙurar hunturu da tururuwa suna kashe shi. Mita a kan ƙafafunsa za ta yi ƙara in an danna. In shiru, a canja shi da dalma, ko kuma in har ana iya shiga manhajar a yi risetin daga can. Wadda fitilarta ta tsaya ja cak, ko da sabon adafta kuma ba kati, galibi wuta ce ta ɗauke tana tsakiyar sabunta manhajar cikinta. Ta sanannen kamfani ana iya sake zuba mata, da sharaɗin fayil ɗin na ainihin lambar samfurinta ne harafi da harafi. Wadda ba ta da suna a jiki kuwa, kuɗin gyaran ya fi ƙarfinta. A zare katin a goge shi, a ajiye ƙafar da sukurorin don ta gaba.

Wassalam.

Daga wasu masu haɗa kyamarorin tsaro,
Aboabo, Kumasi.