Gam ɗin da ke ɓata fentin ɗakuna a Jos

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili don jan hankalin masu gidaje da 'yan haya a nan Jos. Siririyar takardar adon nan da ake mannawa a saman bango, dab da silin, yayinta ya wuce, jama'a na ta ɓare ta suna sabunta fenti. Ba a jimawa sai layi ya fito ya zagaye ɗakin kamar an yi masa ɗamara, fentin wurin na tsattsagewa. Sai a ce jabun fenti aka sayo. Galibi fenti ba shi da laifi, gam aka bari a bango.

Yawancin gam ɗin nan ruwa ke narkar da shi, fentin ɗaki kuma na ruwa ne. Da rola ta bi ta kansa sai ya jiƙe ya tashi, fenti ya rasa abin kamawa.

Maganinsa, kafin a yi fenti a zuba sabulun wanke-wanke kaɗan a ruwan ɗumi, a jiƙa wurin da soso, a ba shi minti 10 zuwa 15, sannan a kankare da faffaɗan ƙarfen masu fenti a kwance, kada a ƙwaƙule filasta. A ɗauraye da ruwa mai tsabta. Gwajin ba wuya: a shafa jiƙaƙƙen hannu, in an ji yauƙi kamar na kuɓewa, da sauran aiki. A nan ne masu fenti da yawa ke yin ha'inci, don maigida ya matsa a gama yau, ya kuma tsuke kuɗin aiki.

A bar bango ya bushe kwana guda. A watan Agusta, da danshin Jos, kwana biyu ya fi.

Akwai kuma ɗan tudun da tsohon fenti ya bari a bakin takardar. A cike ramuka da foti, wato ƙullin gyaran bango, a goge da sanfefa mai lamba 120, a share ƙura da tsumma mai ɗan laima. A kashe wuta a haska tocila daga gefe, duk tudun da ya rage zai yi inuwa. Bayan haka a shafa fentin share fage mai mai, wanda ake cewa firaima, har ya ɗan zarce layin, don ya danne gam ɗin da ido bai gani ba. A buɗe tagogi, yana da wari, kuma cikin sanyin hunturu yakan jima bai bushe ba.

Sai fenti hawa biyu, bango gaba ɗaya, domin faci ba ya sajewa da tsohon launi. Lita guda na rufe kusan murabba'in mita 10, don haka ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai ci galan biyu masu lita huɗu-huɗu. A bar aƙalla awa huɗu tsakanin hawa na farko da na biyu.

Naku,
Wani mai sana'ar fenti, Jos