Wasiƙar godiya ga malaman daji na yankin Argungu

Assalamu alaikum.

Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi, kuma ɗaukar hoto ne abin da nake rage lokaci da shi. A hutun watan Agusta, ana tsakiyar marka, na zo ofishinku neman izinin shiga gandun daji don in ɗauki hoton furanni da malam-buɗe-littafi. Na zaci dariya za a yi mini. Mai zuwa Argungu da kyamara ai kowa ya san Matan Fada ya nufa, wurin bikin kamun kifin da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Wa ke zuwa da damina neman ƙwaro?

Ba a yi dariyar ba. Shugabanku ya ba ni kujera, ya saurare ni, sannan ya haɗa ni da wani dattijon malamin daji. Saboda Baban nan na rubuta wasiƙar.

Da na ce mu fita da hantsi, sai ya girgiza kai: "Malam, in rana ta ɗaga malam-buɗe-littafi ba za su tsaya maka ba. Ka zo bayan asuba." Gaskiyarsa. Jikinsu ba ya ɗumi sai da rana, shi ya sa da sanyin safiya za ka tarar da su lamo a kan ciyawa, raɓa a fiffike, har ka matsa taku ɗaya ba su tashi ba.

Ya kai ni gindin wata tumfafiya, ya juya ganye, sai ga tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya tana ci. Ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da bakin fiffike baƙi da ɗigon fari. Dafin nonon tumfafiyar yana zama a jikinta, don haka tsuntsaye ke ƙyale shi. Shekara nawa ina wuce tumfafiya a bayan makaranta ban taɓa juya ganyenta ba! Daga nan muka bi ta cikin tafasa da rai-ɗore masu furen rawaya, muka gangara bakin fadama inda duman rafi ya shimfiɗu, bado kuma ya rufe ruwa. A kan laka, inda shanu suka tsaya, fararen malam-buɗe-littafi sun fi ashirin sun taru suna tsotsar gishiri. Na kwanta rub da ciki, wandona ya sha taɓo, Baba kuwa yana riƙe da jakata da takalmana.

Sau ɗaya kawai ya yi mini dariya. A gefen wata gonar dawa na durƙusa ina yaba wani fure mai ruwan hoda, sai ya ce, "Ƙuduji ne fa. Kada mai gonar ya ji kana yabonsa." Ashe tsiron da ke maƙale wa saiwar dawa da gero ya tsotse su ne.

Da za mu rabu na miƙa masa ɗan na goro, ya ce sam, aikinsa ne. Abin da ya roƙa kawai shi ne hoton tsutsar nan, zai nuna wa jikokinsa. Na wanke shi babba, da wasu 12 na bangon ofis, kuma ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kawo da kaina.

Allah ya saka da alheri, ya tsare ku a cikin daji.

Naku,
Malamin firamare daga Birnin Kebbi