Wasiƙar Godiya ga Masu Lambun Renon Furanni na Bakin Binuwai a Garwa

Zuwa ga Malam mai lambu da dukan yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na ga ya dace in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku da baki ranar da kuka kammala aiki a gidana ba ta gamsar da ni ba. Da gangan na jinkirta rubutun har kusan shekara guda, saboda duk dashe yana da kyau a makonsa na farko, kuma mu mutanen Garwa mun san cewa ba a yabon shuka sai ta tsallake Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. To, abin da kuka dasa ya sha damina, ya sha ƙurar hunturu, ya kuma fito daga bazara da ransa, don haka yabon gwani ya zama dole.

Wurin da na kawo muku kukansa bai kai a kira shi lambu ba. Wani siririn fili ne da magina suka bari tsakanin katangar gida da daɓen simintin da mota ke bi daga ƙofa zuwa gareji, tsawonsa mita 9, faɗinsa kuwa santimita 50 kacal. Kafin in zo wurinku na yi ƙoƙari sau biyu da dabarar kaina. Karo na farko na dasa furen nan mai ƙaya da ake kira bugenbiliya, wanda ya yi kyau ƙwarai, amma kafin shekara ta zagayo rassansa sun miƙo kan hanya, suka karce fentin motar, suka kuma yage wa uwargida mayafi tana fitowa daga ciki. Karo na biyu na bar wani ɗan dogon yaro da ya tsiro da kansa a kusurwa, ina murnar samun inuwa, har sai da saiwarsa ta fara ɗaga bakin daɓen na sa aka tone shi. Laifin duka biyun nawa ne, domin babu wanda na shawarta.

Ranar da na shigo lambunku na zo ne da niyyar sayen wardi da ikzora mai jan fure, kuma kuɗin suna cikin aljihuna. Da wani mai sayarwa ne, da ya cika mini bayan mota ya karɓi sefarsa, ya yi mini fatan alheri. Ku kuwa, Malam, sai kuka shiga yi mini tambayoyin da a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne: ina katangar ta fuskanta, ta wane gefe direba ke sauka, wa ke ban ruwa idan na yi tafiya, akwai ƙananan yara ko awaki a gidan? Da amsoshina ba su ishe ku ba, kuka ce kada in biya ko dala ɗaya sai kun ga wurin. Washegari da la'asar kuka zo a kan babur da abin awo a hannu, na ce muku ai ido ya san kima, kuka yi murmushi kuka ce ido ba mudu ba ne.

Abin da kuka yi a wannan yammacin shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Kun sa na shigo da motar na tsayar da ita inda ta saba tsayawa, na buɗe ƙofofinta duka, kuka shata da sanda inda ƙofa ke kaiwa da inda ƙafar mai saukowa ke fara takawa. A nan na fahimci cewa kusan mita 3 na filin ba su dace da wata shuka da ta wuce idon sawu ba. Daga nan kuka ce in ɗora tafin hannuna a jikin katangar, wadda ke fuskantar yamma, na ɗora na janye da sauri, kuka bayyana mini cewa shukar da ke wannan wuri tana shan zafi sau uku, na rana daga sama, na katanga daga baya, da na siminti daga gaba, kuma katangar ba ta hucewa sai dare ya yi nisa. Wardi, in ji ku, zai rayu ne kawai idan an tsare shi da ruwa safe da yamma, furensa kuma zai riƙa ƙonewa kafin ya gama buɗewa.

Bayanin da kuka yi game da ikzora shi ya fi ba ni mamaki. Kun tona ƙasar da fartanya, sai ga ɓaraguzan bulo da busasshen kwaɓin siminti da magina suka binne. Kuka ce siminti yana sakin sinadarin farar ƙasa a hankali, yana mayar da ƙasar da ke kusa da shi ta zama irin wadda ikzora ba ta so, domin ita ƙasa mai ɗan tsami take buƙata, in ba haka ba ta kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, ganyenta ya koma rawaya alhali jijiyoyin ganyen suna nan kore. Na sha ganin wannan rawayar a ƙofofin gidaje da ofisoshi a cikin gari, ina ɗauka ƙishirwa ce, ashe ƙarin ruwa ba ya maganinta. Da wannan bayani kuka hana kanku cinikin da ya fi tsada a cikin abin da na zo nema.

Sai da yaranku suka kwashe ɓaraguzan har zurfin kamu biyu kafin aka yi maganar fure. Suka cike ramin da ƙasar bakin kogi gauraye da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, kuka kuma ja kunnena kada in kuskura in zuba ɗanyen taki, domin yana ƙona saiwa kuma yana gayyato gara. Kun ɗaga ƙasar ta ɗan fi daɓen tudu, saboda a watan Agusta duk ruwan da ya sauka a kan simintin wannan zirin yake nema, kuma yawancin shuke-shuken da ke jure zafi kwanciyar ruwa ce ke kashe su. Kun zaɓi watan Yuni don dasawa, bayan ruwa ya zauna, domin saiwa ta kama kafin rani.

A inda ƙofofin mota ke buɗewa kun shimfiɗa fotulaka, ɗan furen nan mai kaurin ganye da ke rarrafe a ƙasa, wanda ba ya yin tsayi sosai. Yana buɗewa da hantsi cikin launuka iri-iri, ya rufe da yamma, kuma idan wani ya taka shi ya karye, sai a soka guntun a ƙasa ya sake kamawa. Jikokina sun gano wannan sirri, yanzu babu gwangwanin da ba su dasa shi a ciki ba. A sauran tsawon filin kun jera furen Madagaska mai launin fari da ruwan hoda, tazarar santimita 30 tsakanin kowanne, kuka koya mini in riƙa tsinke kan reshe idan ya fara miƙewa domin ya yi cunkus maimakon ya zube kan hanya. Wannan fure bai yi fashin mako guda ba tun da ya kama, har a tsakiyar Afrilu.

Itacen kariya guda biyu kuka sa a kusa da ƙofar shiga, kuma na ji kunya da na tuna yadda na raina ta da farko, ina cewa ai wannan itacen daji ne da muke gani a kan duwatsu idan za mu Marwa. Amsarku ita ce, abin da ya rayu a kan dutse ba tare da mai ban ruwa ba, shi ya fi cancanta da gindin katanga mai zafi. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, tana girma a hankali, kuma a cikin rani, lokacin da ta zubar da ganye, sai furenta ya rufe ta. Ba ku ɓoye mini aibinta ba: ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta kan shafa shi a kibiya, furen Madagaskar ma ba abin kaiwa baki ba ne, don haka kuka ce a gargaɗi yara, a wanke hannu bayan yankan reshe, a kuma hana dabbobi zuwa wurin. Da na ce muku ba ma kiwo a cikin gidan, sannan kuka yarda kuka dasa.

Can ƙarshen filin, kusa da famfo inda babu mai wucewa, kuka sa tushe ɗaya na ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, saboda tana faɗi sosai kuma gefen ganyenta yana yanka. Na tambaye ku ko gaskiya ne tana korar sauro, kuka ce in sha shayina da ita amma kada in ajiye gidan sauro saboda ita. Uwargida ta roƙi a ƙara mata ɗaɗɗoya, aka samo mata gurbi a gefen ciyawar.

Ina kuma yaba wa yaron da kuka turo sau biyu a cikin watan farko ya duba dashen, wanda ya maye gurbin tushe uku da suka mutu ba tare da an nemi ƙarin kuɗi ba, ya kuma nuna wa mai gadinmu yadda zai zuba ruwa a gindi da sassafe maimakon ya watsa a kan ganye da tsakar rana. A yanzu, ko a tsananin rani, bokiti biyu bayan kwana biyu sun wadatar da filin gaba ɗaya, kariyar kuwa sau ɗaya a mako ta ishe ta. Maƙwabta biyu sun riga sun tambaye ni inda na samo furannin, na kwatanta musu lambun, na kuma gaya musu su tafi da awon filinsu, su shirya amsa tambayoyi.

Akwai wani zirin a ɗaya gefen hanyar, wanda ya fi wannan ƙanƙanta kuma inuwar ɗaki ke rufe shi rabin yini. Da zarar ruwan bana ya zauna, in Allah ya yarda, zan zo in ɗauke ku ku duba shi. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare lambun daga ambaliya da fari, a gaishe mini da yaran duka.

Wassalam,
Wani magidanci daga Garwa