Godiya ga masu shagon kayan waya na titin Ahmadu Bello, Sakkwato

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka.

Mu direbobin motocin haya masu bin hanyar Illela da ta Birnin Kebbi muka ga ya kamata mu gode muku a bainar jama'a kan 'yar sifikar Bluetooth ɗin nan ta amsa kira, wadda ake maƙalawa a makarin rana na gaban direba. Kayan dai ko'ina akwai su a kasuwa. Abin da ya bambanta shagonku shi ne ba ku karɓar kuɗi sai an gwada kira a gabanku.

Gwajin nan yana da dalili. Sifikoki da yawa na sauraro ne kawai: ko dai ba makirfo, ko kuma ba tsarin kira da ake rubuta HFP a jikin kwali. Karatu zai fito raɗau, amma kira na shigowa sai murya ta koma cikin waya. Yaranku sukan danne maɓallin tsakiya kamar daƙiƙa 5 har fitila ta fara ƙyafta ja da shuɗi, su buɗe Bluetooth a wayar, su zaɓi sunan na'urar, in ta nemi lamba su sa 0000 ko 1234. Sannan su duba ko an kunna izinin kira a ƙarƙashin sunan, domin nan ne yawanci matsalar take, mutum ya yi ta tsine wa kaya alhali lafiyarsu ƙalau. In ta ƙi haɗuwa daga baya, a goge sunanta daga wayar a sake haɗawa. Tazararta kuma ba ta wuce mita 10, wanda ya shiga masallaci da waya a aljihu kada ya yi mamaki in ta yanke.

Gargaɗinku kan zafi ya fi komai amfani. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, gaban motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Batirin lithium ba ya jure wannan: ya kumbura, cajin yini ya koma na awa ɗaya. Shi ya sa kuke cewa a cire ta in an faka, kuma a yi caji da kan caja mai fitar da volt 5, ba a jona ta kai tsaye da wayar batirin mota mai volt 12 ba. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ƙofar makirfo, wanda kake magana da shi ya ji ka kamar daga cikin rijiya. Buroshi mai laushi ake sa wa, ba allura ba, don allura tana huda fatar makirfon. In kuma wanda kake magana da shi ya ce yana jin muryarsa tana dawo masa, a rage ƙara.

Wani mai shagon zai ce da wannan na'ura ka tsira daga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. Ku ba ku taɓa faɗin haka ba. Abin da kuke faɗa shi ne hannu na kan sitiyari amma hankali na wajen mai kira, don haka doguwar magana sai an gangara gefen titi.

Roƙonmu ɗaya: ku ƙara kawo masu ɗaukar waya biyu lokaci guda, domin yawancinmu da ƙaramar waya da babba muke yawo.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Wasu direbobin haya na Sakkwato