Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ayyuka Da Fansho Na Birtaniya Kan Tallafin Masu Zama Tare

Mai girma Minista, barka da aiki.

A zaɓen 2024 jam'iyyarku ta Labour ta yi alkawarin sake duba tsarin Universal Credit, wato tallafin da gwamnati ke biyan masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki, domin ya rage talauci, ya kuma sa aiki ya zama da riba. Akwai wani ɓangare na tsarin da har yau ba a taɓa ba, wato abin da ke samun mai karɓar tallafi ranar da ya tare da abokin zama. Tun daga wannan rana ma'aikatarku ta daina kallonsa a matsayin mutum mai cin gashin kansa. Sai su biyun su nemi tallafi a haɗe, a tattara albashinsu da ajiyarsu wuri guda, sannan a zuba abin da ya rage a asusun banki ɗaya tak, sau ɗaya a wata. Ba a tambayar ko an ɗaura aure a rajista, ko a masallaci kaɗai, ko ma ba a ɗaura ba.

Ku dubi lissafin shekarar kuɗi ta 2025/26. Mutum ɗaya mai shekara 25 zuwa sama yana samun fam 400.14 a wata. Mutum biyu irinsa, kowa a gidansa, fam 800.28 ke nan. Suna haɗuwa sai a ba su fam 628.10, an zaftare fam 172.18 tun kafin a waiwayi albashin kowa.

Abin ya fi yin muni a kan nakasassu da marasa lafiya. A ɗauki mace wadda aka tantance ba za ta iya aiki ba, kuma ba ta karɓar kuɗin haya. A lissafin 2025/26, ita kaɗai tana samun fam 400.14 da ƙarin fam 423.27 na rashin lafiya, jimla fam 823.41, da sunanta, a asusunta. Sai ta tare da mutumin da ke kawo fam 2,000 gida a wata bayan haraji. Mafi yawan abin da gidan zai iya samu fam 1,051.37 ne. Za a yafe fam 684 na farko daga albashinsa, saura fam 1,316, a cire kwabo 55 a kan kowace fam, wato fam 723.80. Abin da zai shigo fam 327.57 ne kawai. Jikinta bai samu sauƙi ba, kuɗin ɗumama ɗaki da na zuwa asibiti ba su ragu ba, amma an bar ta tana miƙa hannu kafin ta sayi sabulu. Idan kuma ajiyarsa da tata suka haura fam 16,000, tallafin ya tsaya cak, ko da ba ta taɓa ganin katin bankinsa ba. Daga fam 6,000 ma ake fara rage fam 4.35 a wata kan kowace fam 250.

Asusu ɗayan nan shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Majalisarku ce ta zartar da dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021, wadda ta amince cewa danne wa abokin zama hanyar samun kuɗi cin zarafi ne. Tun a 2018 kwamitin majalisa mai sa ido kan ma'aikatarku ya yi gargaɗi cewa biya a asusu ɗaya yana sauƙaƙa wa mai zalunci riƙe dukiyar gida gaba ɗaya. A Janairun 2019 Amber Rudd, tana kan wannan kujera, ta ce za a karkata kuɗin zuwa ga wanda ya fi ɗawainiyar yara. Abin ya tsaya a shawara da ake nuna wa mutum lokacin cike fom. Mun san ana iya raba kuɗin gida biyu, amma sai mace ta roƙa, ta bayyana dalili, jami'i ya yarda. Kuma a watan farko da mijin ya ga kuɗi sun ragu a asusunsa ya gane ta kai ƙara. Wace mace ce da ke zaune cikin tsoro za ta ɗauki wannan kasada? Majalisar Scotland ta goyi bayan raba kuɗin kai tsaye tun 2018, amma na'urar biyan tana hannun ma'aikatarku.

Ga kuma rashin tabbas kan ranar da ake zama ma'aurata a idon doka. Mutane da yawa sun ɗauka in abokin zama bai wuce kwana uku a mako a gidan ba babu matsala. Babu wannan ƙa'ida a ko'ina. Jami'i yana duba ko gida ɗaya suke, yadda suke raba cefane da haya, ɗorewar zaman, ko akwai 'ya'ya, da yadda jama'a ke kallonsu, sannan ya yanke hukunci da ra'ayinsa. Idan ya ce zaman ya fara tun wata takwas baya, duk abin da aka biya fiye da ƙima ya zama bashi, wani lokaci da tarar fam 50. A Universal Credit har kuskuren ma'aikata ana karɓa daga mai tallafi. Mun yaba da rage abin da ake cirewa a tallafi domin biyan bashi daga kashi 25 zuwa 15 cikin ɗari a Afrilun 2025, sai dai bashin yana nan.

'Yan'uwanmu da suka kawo mata ko miji da bizar aure suna shan nasu. Wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin gwamnati ba a biyan kasonsa, ana biyan kuɗin mutum ɗaya ne, amma albashinsa da ajiyarsa duk ana lissafawa. Ga duk wanda ya tare da wani kuwa, rangwamen kashi 25 na harajin ƙaramar hukuma da ake yi wa mai zama shi kaɗai shi ma yakan tafi, haka kariyar da aka ba waɗanda aka ɗauko daga tsoffin tallafi don kada kuɗinsu ya ragu. Tsohon da ya tare da wadda ba ta kai shekarun fansho ba, tun 15 ga Mayun 2019, ba ya samun Pension Credit, wato ƙarin tallafin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi.

Mai girma Minista, muna roƙonku da babbar murya. Ku mayar da raba kuɗin tsakanin mutum biyu ya zama shi ne ƙa'ida, wanda ke son asusu ɗaya shi ya nema. Kason yara ya tafi ga mai renonsu, kason rashin lafiya ya tafi ga mara lafiyar, kuma a daina rage shi saboda albashin wani, kamar yadda ba a taɓa kuɗin PIP, tallafin ɗawainiyar nakasa. Sannan ku wallafa ƙa'idar zama tare a sarari, da misalai, cikin harsunan da mutane ke ji, kafin ku ci gaba da aika wa mutane takardun bashi.

Na gode.