Dan Allah a koya wa mutane yadda ake jan mota in ta mutu a hanya

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali. Ni direban haya ne, hanyata Birnin Kebbi zuwa Yauri, ta Kalgo da Jega da Koko, kuma abin da nike gani kan titin ga ne ya sa na ɗauki waya na rubuto maku. Mota kowa ya san tana lalacewa, wannan ba abin kunya ba ne, amma yadda mutanenmu ke barin ta bisa titi da yadda suke jan ta shi ne ke kashe mutane.

Mutum motarshi ta mutu da dare sai ya karyo ganye ya watsa taku biyar bayanta ya koma ciki ya kwanta, wai ya sa alama. Haba jama'a, tirela da ta ɗauko buhunan shinkafa ta taho da gudu ina za ta ga ganye cikin duhu? A turo motar gefe iya yadda za a iya, a kunna sigina biyu, a kai tirayangul ɗin nan mai walƙiya can nesa sosai, in kusa da kwana ne a aje shi kafin kwanar, fasinja kuma su sauka su matsa nesa da kwalta, ba su tsaya bayan but suna hira ba. In an gama gyara a ɗauke duwatsun da aka yi weji da su, masu mashin na cin wuya da su wallahi.

Sai maganar ja, nan ne ɓarnar take. Za ka ga an samo igiyar ɗaurin kaya an ƙulla ga bamba, bambar motocin yanzu kuwa roba ce, ana fizga guda ta ɓalle. Akwai ƙugiyar ja da kamfani ya yi, wasu motocin tana ƙasa maƙale da shasi, wasu kuma tana cikin but wajen safaya, murɗa ta ake yi cikin wani ɗan rami da ke gaban mota, da yawa sun shekara da mota ba su san da ita ba. Kuma wanda zai zauna cikin matacciyar motar ya zama direba na gaske, ba yaron mota mai koyo ba, don in inji ba ya aiki birki tauri yake yi kamar ka taka dutse, sitiyari ma ya yi nauyi, in kuma aka zare makulli sitiyarin kullewa zai yi ana cikin tafiya. A bar makulli a buɗe, giya a firi, a saki hambirki, na gaba ya tashi sannu sannu har igiya ta miƙe, na baya ya riƙa ɗan taɓa birki don kar ta yi sako-sako ya hau ta ko ya daki na gaba. In birkin ne da kanshi ya lalace to igiya ba ta da wuri nan, sai ƙarfen ja ko janwe, wato motar da ke jan matattun motoci.

Masu otomatik su ne suka fi ban tausai. Man giyarta inji ne ke juya famfon da ke zagaya da shi, in inji ya mutu aka ja ta tafiya mai nisa tayoyin da ke tuƙa ta na ƙasa, giyar gogewa take yi ba mai, mutum ya tsere wa kuɗin janwe ya je ya sayi giyabos. Irin su Corolla da Camry gaba ke ja, gaban ake ɗagawa, mai fo-wil kuma, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja, gara a ɗora ta gaba ɗaya bisa mota.

Su ma masu janwe ina da magana da su, ba duka ba, amma akwai waɗanda sai sun ga mutum da mata da yara rana na faɗuwa sannan su yanka mashi kuɗin da suka ga dama. A yi ciniki kafin a ɗaura mota, a faɗi garejin da za a kai ta, mai mota ya kwashe takardunshi ya ɗauki hoton motar da waya.

Roƙona Malam Edita ku gayyato jami'an Road Safety da shuwagabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da wani tsohon bakanike su yi bayanin ga da Hausa, ku kuma riƙa maimaita lambar 122 ta Road Safety da 112 ta agajin gaggawa, kiran kyauta ne, mutane su aje su cikin waya tun suna gida. A tasha kuma a riƙa leƙa but kafin a yi lodi, ko akwai jak da sifana da safaya mai iska.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, direban haya daga Jega, jihar Kebbi